Elk dai ba barewa ba ne, to wane suna za mu raɗa masa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajin masu Hausa a baki, musamman waɗanda suka tashi gidan maharba, don rigima ce ta ɓarke a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp tun shekaranjiya har yau ba ta lafa ba, kuma hoto ɗaya tak ne ya jawo ta.

Ƙanina da ke aiki a Colorado can Amurka, abokan aikinsa suka ja shi daji cikin watan Oktoban nan, sai ga hoto ya turo yana tsugune gefen wata dabba da suka harbo, jibgegiya, ƙahonta kamar an tuge busasshiyar bishiya an dasa mata a ka. Hajiya ta ce wannan kuma wace irin halitta ce? Ya ce sunanta elk. Ta ce ni da Hausa nake tambayarka. Shi ne ya ce ai barewa ce Hajiya.

To nan fa Baffa ya shigo. Baffa ƙanin mahaifinmu ne, ya yi harbi da bindigar toka zamanin ƙuruciyarsa, kuma ba ya rubutu a gurup sai dai ya turo murya. Minti huɗu ya yi yana faɗa. Wai yaro ka je Turai ka manta barewa? Barewar da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa ya kai gida? Kuma wallahi gaskiyarsa ne, barewarmu da ƙyar take kai kilo 30, shi kuwa namijin elk da ya ƙasaita yana haura kilo 300, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa wajen mita ɗaya da rabi. Ƙanin nawa ma da bakinsa ya ce sai da suka yanka shi gunduwa-gunduwa suka yi ta sawu da jakunkunan goyo kafin su fito da naman bakin mota.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ku gwada manhajar fassara ku gani, ni dai duk wanda na saka barewa take ba ni ko ta maido min da Turancin yadda yake. Kamar a ce kaza da zabo da jimina duk sunansu tsuntsu, shikenan an gama.

Abin da na fahimta shi ne, Hausa ba ta rasa kalmar don talauci ba. Ku dubi yadda muka rarrabe namun dajinmu: barewa, gada, gwanki, kanki, mazo, mariya, batsiya, mariri, kwanta-rafi, kowanne da sunansa, wasu har da kirari. Dabbar ce babu ita a wajenmu. Dangin da Bature ke ce wa deer, duk faɗin Afirka kudu da Sahara babu ɗan asalinsu ko ɗaya, a nahiyar ma gaba ɗaya iri ɗaya ne ya rage, a dazukan duwatsun Atlas wajen Aljeriya da Tunisiya. Wanda bai taɓa zuwa gidanka ba ai ba ka yanka masa ragon suna ba.

Kuma bambancin ba a girma kaɗai yake ba, a ƙaho yake, nan ne ni abin ya fi ɗaure min kai. Barewa da gwanki da ɓauna dangin shanu da awaki ne, ƙahonsu ƙashi ne a ciki da kube a waje, kuben nan irin sinadarin farce ne, in ya fito ya fito kenan har mutuwa, ba ya reshe ba ya faɗuwa. Na elk kuwa ƙashi ne zalla, yana yin rassa, namiji ne kawai ke da shi, sannan duk shekara sai ya cire da kansa ya faɗi ƙasa wajen watan Maris zuwa Afrilu, sabo ya tsiro. Yana tsirowa ne lulluɓe da wata fata mai laushi mai jini a ciki, a rana ɗaya yakan ƙaru da kusan santimita biyu da rabi, zuwa ƙarshen Agusta ya bushe, dabbar ta bi itatuwa tana gogawa har fatar ta saɓule. Biyun in sun cika suna iya kai kilo 18. A garin Jackson na jihar Wyoming akwai gandun da gwamnati ta keɓe wa elk tun 1912, yara 'yan sikawut ke shiga su tsinto ƙahonin da suka zube a yi gwanjonsu duk watan Mayu, har ƙofofin shiga dandalin garin da ƙahon aka gina su.

Da na karanta wa Baffa wannan sai ya yi shiru, can ya ce ikon Allah, dabba tana kaɗe ƙaho kamar bishiya na kaɗe ganye.

Yanzu ga shawarwarin da suka shigo, tun daga gurup har waɗanda suka biyo ni ta inbos.

Yayarmu ta ce a huta kawai a ce elki. Ta ce kanki, gwanki, elki, ka ji sun hau layi ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Na so wannan sosai ba zan ɓoye ba, a baki yana da daɗi. Matsalar ita ce su kansu masu kalmar ba su daidaita a kanta ba. Abin da ɗan Amurka ke kira elk daban, abin da ɗan Ingila ke kira elk daban. A Turai in aka ce elk ana nufin wani ƙaton da ya fi wannan girma nesa, mai dogon hanci da ya rufto kan baki da faffaɗan ƙaho kamar faifai, wanda su kuma Amurkawa suke ce wa moose. A Suwidin sunansa älg, kuma harbinsa a watan Satumba da Oktoba babban sha'ani ne a ƙauyukansu, mutane har hutun aiki suke ɗauka. Turawan da suka fara sauka Amurka ne suka ga dabba babba suka liƙa mata sunan da suka sani daga gida, kuskuren ya zauna. To Yaya, mu aro kalma mu aro har da ruɗaninta? Wanda ke fassara labari daga Landan da wanda ke fassarawa daga Washinton kowa ya rubuta elki, dabba biyu suna ɗaya, mun koma gidan jiya.

Wani malami da ke koyar da kimiyya a sakandare ya ce tunda haka ne a ɗauki ɗayan sunan, wapiti, wanda ya fito daga harshen Shawnee da Cree, mutanen asalin ƙasar, ma'anarsa mai farin gindi, saboda farin tabon da ke bayan dabbar. Mu sai mu ce wafiti. Malam na gode, kuma a littafin makaranta ni ma shi zan zaɓa don ba ya rikicewa da komai. Amma na gwada shi a kan Hajiya, na ce Hajiya wafiti ne, ta ce wa? Kalmar ba ta nuna mata komai ba, sai ka sake zama ka yi bayani daga farko, ita kuwa tambayarta tun asali ita ce da Hausa.

Wani ya ce gada. A'a ɗan'uwa, gada ai ta fi barewa ƙanƙanta, kuma a waya da mutane ba sa sa ƙugiya, gadar daji da gadar da mota ke hawa da gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali duk rubutu ɗaya ne, kar mu ƙara mata kaya.

Ni ga inda tunanina ya tsaya. Bahaushe in baƙon abu ya zo masa, yana duba wanda ya fi kama da shi a gida ne ya ƙara masa alama. Raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, jakin dawa ba jakin da muke ɗora wa mangala ba ne, dankalin Turawa da dankalin Hausa ba dangi ba ne, amma babu wanda ya taɓa ruɗewa a kasuwa. To a cikin namun dajinmu wa ya yi kusa da elk a jiki? Gwanki. Shi ma yana kai kilo 250 zuwa sama, tsayinsu kusan ɗaya, launinsu ƙasa-ƙasa, duka biyun a garke suke yawo, wanda ya je Yankari ya yi sa'a ya gan shi zai shaida. Kuma dukansu ba naman ƙaramin maharbi ba ne, ba banza ake ce wa gwanki sha bara ba. Sai a ƙara abin da ya raba su, wato rassan nan. Gwankin rassa.

Ba na son gwankin Amurka don akwai shi a Kanada, akwai shi a Asiya, Mongoliya da Sibiriya da arewacin Sin. Gwankin sanyi kuma wani ya kawo, ba laifi, sai dai dabbobin ƙasar sanyi suna da yawa, rassan ne ido ke fara gani.

In an yarda da wannan, ƙananan nasu ma sun samu. Wanda aka fi harbi a Amurka, mai farar jela da yake ɗagawa in ya zabura, namijinsa bai cika wuce kilo 100 da 'yan kai ba, shi sai ya zama barewar rassa. Ka ga barewa ba mu kore ta ba, mun dai sa ta inda ƙarfinta ya kai. Dangin gaba ɗaya kuma, maganar Baffa ce ta ba ni: zubda-ƙaho, a kan ƙirar kwanta-rafi. Wani abokina ya ce wannan kamar sunan wanzamin da ya yi tuntuɓe da zabirarsa, na yi dariya amma ban janye ba.

Baffa bai sallama nan take ba fa. Ya ce gwanki mace ma tana da ƙaho, naku kun ce namiji kawai, kuma ina baƙi da farin fuskar gwanki? Na ce Baffa Allah ya ƙara girma, raƙumin dawa ma ai ba shi da tozon raƙumi.

Sai kuma ya tayar da wata da ban zata ba, wai shi kalmar farauta da muke ta faɗa ma ba ta zauna ba. Ya ce farauta gayya ce, a yi shela, a fito da karnuka da kulake da masu gangi, 'yan tauri na kirari, a kewaye daji. Mutum biyu ko uku su laɓaɓa da asuba da bindiga ko baka su yi kwanto, wannan harbi ne, masu yinsa maharba. Na tambayi ƙanina ya ce haka ne, a Colorado ma doka ta hana bin elk da karnuka. Sai ka sayi lasisi, a wurare da dama sai ka shiga ƙuri'a, takardar kuma ta dabba ɗaya ce, an rubuta yankin da kwanakin da ko mace ko namiji. Masu baka su ke farawa a Satumba daidai lokacin barbara, sa'ad da mazan ke wani irin kuka mai kama da busa suna tara mata, maharbin sai ya kwaikwayi kukan da wani bututu namijin ya taho a fusace yana zaton kishiya ne, ko in ce abokin takara tunda maza ne. Masu bindiga sai Oktoba da Nuwamba, su dole su sa riga da hula ruwan goro ko ruwan hoda mai ƙyalli don kar wani ya ɗirka wa ɗan'uwansa, dabbar ita idonta ba ya rarrabe launin sosai.

Duk wannan tsaurin yana da dalili. Farkon ƙarni na 20 sun kusa ƙarar da elk, ya ragu ƙasa da 100,000 a ƙasar duka, yanzu ya koma wajen miliyan ɗaya, Colorado ce kan gaba da sama da 250,000. Tun 1937 suke da dokar Pittman-Robertson da ke ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai a zuba kuɗin a kula da namun daji. Baffa da ya ji haka bai ce komai ba sai cewa ya yi rabonsa da ganin sawun gwanki a dajin garinmu tun kafin a haife ni.

Lokacin harbin kuwa, da Hausa kaka za mu ce masa, ban ga abin musu ba, watannin sun zo ɗaya, su ma lokacin girbinsu ne. Illa dai mai karatu ya sani mu da kaka muna gona, sai an kai amfani gida ciyawa ta bushe ake shiga daji da rani, su kuwa kakar ce lokacin harbin, kafin ƙanƙara ta rufe duwatsu.

Don haka jimlar da nake so mu gwada a baki ita ce: harbin gwankin rassa da barewar rassa da kaka. Ku faɗa da ƙarfi ku ji ko ta zauna. Mutanen Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, in akwai wani tsohon suna a wajenku da ya fi wannan dacewa ku kawo, ban rantse a kan nawa ba.

Moose ne har yanzu ya gagare mu. An ce raƙumin fadama saboda hancin da son ruwa, an ce gwankin faifai, Yaya ta ce tunda an ƙi elkinta ita ba ruwanta.

Ɗazu Baffa ya sake turo murya, ƙanina ya tura masa bidiyon kukan ya saurara har sau uku, ya ce to a bar shi a gwankin rassan, amma a gaya wa yaron nan kar ya sake ce wa barewa. Hajiya kuwa tambayarta ta canza, wai an dai yi bismillah kafin a harba? Ya ce shi ya yi, da ƙarfi ma har abokan suka waigo. Ta ce to a yi kilishi a ajiye mata.