Sojojin laima da jinkirin oda: wasan ne ya tsananta, ko haka yaƙin yake?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon gyaran kwamfuta a wajen Taminus, nan cikin Jos, kuma idan kasuwa ta lafa bayan La'asar nakan zauna kan wasannin dabarun yaƙi. Na daɗe a kan Company of Heroes. Wanda ya san shi ya san yadda abin yake: ka danna wuri a taswira, jirgi ya gifta, sojojin laima su sauko daidai inda ka nuna, bindiga a hannu, nan take su buɗe wuta. Ka ce su juya, sun juya tun ba ka ɗauke yatsa daga linzami ba.

Watan jiya wani mai kawo min aiki ya nuna min wani wasan mai suna Command Ops 2, na ɗauki fagen Arnhem, wato saukar da Birtaniya ta yi a ƙasar Holan ranar 17 ga Satumba 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne inda aka ajiye sojojin. Gadar garin Arnhem da ke kan kogin Rhine, wadda za su kama, tana can, su kuma an zube su a fili mai nisan kusan kilomita 13, kamar a sauke mutum a bakin Bukur a ce ya taka da ƙafa ya kama Taminus, ga kaya a baya, ga abokan gaba a hanya. Na biyu, na ba birged guda (babban rukunin sojoji mai bataliya da dama) oda ta nufi gadar. Agogon wasa yana ta tafiya, su ko motsi. Sai da aka ci fiye da awa guda a agogon kafin su ɗaga. Da na hangi Jamusawa sun tare hanyar na sauya odar, sai lissafi ya koma farko. Dare ya rufa ban kai ko bakin kogin ba.

Abin ya dame ni ne saboda ba don kashe lokaci kaɗai nake wasan nan ba. Kakana ya je yaƙin Bama, kuma labarin da ya fi maimaita mana muna yara shi ne yadda jirgi ke jefo musu abinci da laima cikin kurmi, wani buhun ya faɗo kusa, wani ya maƙale a kan itace, wani ba a sake ganinsa ba. Tun lokacin nake son fahimtar yadda suka ji. Don Allah masu sani, wannan jinkirin gaskiya ne, ko masu wasan ne suka ƙara gishiri? Kuma saukar laima, wanne ya fi kusa da abin da ya faru?

Tsohon Sigina ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Ni shekara 22 na yi ina goye da rediyo a baya kafin na ajiye kaki, yanzu ina zaune ta hanyar Rukuba. Awa gudan da ka jira, a wurina ma sun yi maka sauƙi.

Oda ba magana ɗaya ba ce da ake faɗa kowa ya ji. Kwamandan birged zai yanke shawara, hafsoshinsa su zauna kan taswira su fitar da hanya, lokaci, wa ke gaba, wa ke baya, ina igwa za ta zauna, ina za a kai masu rauni. Sannan a kira kwamandojin bataliya, su ma su koma su yi nasu zaman, su kira na kamfani, har magana ta iso kan saje da kofur. A kowane mataki akwai mai tambaya, akwai wanda ba a samu ba. Idan ka sauya shawara a tsakiya, duk wannan aikin ya zube. Shi ya sa wasan ya mayar da kai farko, kuma daidai ya yi. A wasan nan, in ka tsallake hedikwata kana ba kowane kamfani oda da hannunka, nauyi na taruwa a kan hafsoshinka, jinkirin ya ƙaru. Ba birged aikinta, ka bar ta ta raba.

Kuma duk wannan idan rediyo na aiki ne. Ka je bayan duwatsun Shere da oba-oba ka gani, mutumin da kake iya hangowa da safe, da zarar dutse ya shiga tsakaninku shi ke nan. A Arnhem itatuwa da gidaje da nisa ne suka cinye musu sigina. Janar Roy Urquhart, kwamandan rundunar gaba ɗaya, da ya ga ba ya jin kowa sai ya hau jif ya bi sahun mutanensa da kansa a yammacin ranar farko. Jamusawa suka rutsa da shi, ya ɓuya a saman rufin wani gida, bai koma hedikwatarsa ba sai safiyar 19 ga wata. A tsakanin nan manyan hafsoshinsa biyu, Hicks da Hackett, har sa-in-sa suka yi kan wa ke riƙe da ragama. Laftanar Kanar John Frost kuwa ya isa arewacin gadar da mutum ɗari bakwai da 'yan kai, ya riƙe ta kwana huɗu, yawancin lokacin bai san inda sauran suke ba. Cikin mutum kusan 10,000 da aka sauke, waɗanda suka haye kogin Rhine suka tsira a daren 25 ga wata ba su wuce 2,400 ba.

Batun nisa kuma ba ƙirƙirar masu wasa ba ne. Masu jiragen sun ƙi kusantar gadar don tsoron bindigogin kakkaɓo jirgi, an kuma ɗauka ƙasar kudu da gadar ta yi laushi ga jiragen nan marasa inji da ake ja da igiya. Jiragen ma ba su isa a kwashi kowa rana ɗaya ba, sai aka raba saukar kwana uku, dole wani kaso na waɗanda suka fara sauka ya tsaya gadin fili maimakon tafiya gada. Birged ɗin 'yan Folan ta Janar Sosabowski hazo ya tsare ta a Ingila, ba ta dira ba sai ranar 21.

Na Rikkos ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba, amma ina da ja kaɗan. Ba kowace sauka ce ke watsewa ba. Daren 6 ga Yuni 1944 a Nomandi ta ƙasar Faransa, Manjo John Howard ya tafi da jirage marasa inji shida, uku suka sauka dab da gadar da yanzu ake kira Pegasus da sha biyu da minti 16 na dare, cikin minti kamar goma sun gama da ita. Idan wasa ya ɗauka kullum sai an watse, shi ma ya yi ƙarya. Kuma maganar gaskiya, ni na dawo daga makaranta a gajiye, ga wuta ba tabbas, ba zan zauna ina kallon agogo ba. Company of Heroes bai taɓa cewa shi darasin tarihi ba ne. Kana riƙe da mutum shida shida ne a unguwa guda, inda ihu ma ya isa oda.

Malamar Tarihi ta amsa:

Ƙanena na Rikkos, misalinka mai kyau ne, sai dai ka ƙarasa shi. Cikin jirage shidan nan, ɗaya ya sauka kilomita fiye da goma daga inda aka nufa, a bakin wani kogin daban. Kuma mutanen Howard sun shafe makonni suna atisaye a kan wannan aiki ɗaya tak. A daren dai, ba nisa da su, Laftanar Kanar Terence Otway ya tashi da mutum sama da 600 don kama sansanin igwa na Merville, da ya isa wurin haɗuwa 150 kawai ya iya tarawa, da su ya kai harin. Rundunonin Amurka na 82 da 101 gajimare da harbin da ake yi musu daga ƙasa suka tarwatsa jiragensu, wasu sojojin suka faɗa fadamar kogin Merderet da Jamusawa suka cika da ruwa, nauyin kayansu ya nutsar da su. A tsibirin Sisili na Italiya kuwa, Yulin 1943, cikin jirage marasa inji sama da 140 kusan rabi a teku suka ƙare. Don haka wasa mai gaskiya ba zai watsa ka kullum ba, amma bai kamata ka san tun kafin ka tashi ko za ka watse ba.

Abin da ni ya fi tsaya min a rai, Malam Ɗan Gangare, wani gefen ne da ko Command Ops bai gama kamawa ba. Duk muna maganar odar da ke sauka ƙasa, mun manta labarin da ke hawa sama. Kai da ke gaban kwamfuta kana ganin inda kowane kamfaninka yake a kowane minti, da yawan harsashin da ya rage masa. Urquhart da ya samu wannan ko na minti biyar, da bai hau jif ba.

Dubi tsibirin Kirit na ƙasar Girka, 20 ga Mayu 1941. Sojojin laiman Jamus sun dira da ƙaramar bindiga kawai a jiki, manyan makamansu na cikin akwatunan da aka jefo daban, aka yi musu mummunar ɓarna kafin su kai gare su. A filin jirgin Maleme, Laftanar Kanar Leslie Andrew na bataliya ta 22 ta Niyu Zilan yana riƙe da tudu mai lamba 107 da ke kallon filin. Layin sadarwarsa da kamfanoninsa na gaba ya yanke, ya ɗauka an gama da su, sai ya janye cikin dare. Alhali suna nan daram. Washegari Jamusawa suka hau tudun, suka fara sauke ƙarin sojoji a filin, tsibirin ya tafi. Babu odar da ta makara a nan. Labari ne bai iso ba.

Wani wasan mai suna Combat Mission ya gwada ɓangarorin biyu. Na farkonsa na shekarar 2000 yana sa 'yan daƙiƙu kafin sojoji su motsa, ya fi tsawo idan sababbin shiga ne ko sun yi nisa da hafsansu. Waɗanda suka biyo bayansa sun cire wannan, suka koma kan cewa abin da tanka ɗaya ta gani ba lallai ta kusa da ita ta sani ba sai labari ya bi ta rediyo. Amma mai wasan dai yana ganin duka.

Ɗan Gangare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malama, kai ma na Rikkos maganarka ta mutum shida a unguwa guda ta zauna, ban taɓa kallon bambancin girman fagen haka ba.

Jiya bayan Isha'i na sake ɗaukar Arnhem daga farko. Na bi shawarar Baba: oda ɗaya ga kowace birged tun ana sauka, na nuna hanyar bakin kogi, wadda Frost ya bi, ban sake taɓa su ba ko da na ga an fara harbi a hanyar tsakiya. Hannuna yana ta ƙaiƙayi a kan linzami, na daure. Bataliya ɗaya ta isa gadar da dare, biyu suka maƙale a bakin gari. Sannan saboda maganar Malama na ɗora wa kaina doka: na manna takarda a gefen allo inda bayanin rundunoni ke fitowa, ba na duba halin waɗanda ke gadar sai sau ɗaya duk awa uku na agogon wasa. A rana ta biyu na tura musu ɗauki ina zaton suna da sauran ƙarfi, da na ɗaga takardar ashe tun tuni harsashinsu ya kusa ƙarewa. Na daɗe zaune shiru, kakana ya faɗo min a rai.

Baba, saura tambaya ɗaya. Idan rediyo ta mutu ɗungurungum kuka koma aika ɗan saƙo da ƙafa, mutum nawa kuke turawa da saƙo ɗaya, kuma minti nawa kuke jira kafin ku ɗauka bai isa ba?