Ya kuke yi ku riƙe hannu a kasuwar Dole ta Damagaram?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mace za ta shiga kasuwar Dole ran Alhamis da niyyar cefane kawai, tattasai da albasa da mai, kafin ta fito ga atamfa ga kwanuka a hannu don mai shago ya ce daga Kano suka shigo jiya kuma saura biyu. Ga masu talla a WhatsApp, kina ɗaki turaren wuta da takalma suna biyo ki har gado. Wata bai raba ba kuɗi sun ƙare, abin yana damuna wlh.

Hajiya ta Birni:
Wa alaikumus salam ƙanwata. In cefanen jika uku ne to jika uku za ki ɗauka da kuɗin kabu-kabu, sauran ki baro su gida. Amma babban abin shi ne da kuɗi sun shigo ki mai da su abinci tun ba su ɗumama a jaka ba, da kaka gero na araha ki auni tiya-tiya ko buhu in da hali ki ajiye, don daga bazara zuwa damina tashi yake yi, wadda ta zuba kuɗinta a hatsi ba ta da na ba dillaliya. In zane ya shiga ranki ki ce sai Alhamis mai zuwa, yawanci kafin nan ya fita.

Ɗan Zango:
Gaskiya Hajiya. Ni abin da na fi tsoro shi ne "ɗauki kawai, in an yi albashi kya biya", nan ake cin kuɗin watan gobe tun bai kama ba. A shiga adashe, ranar zubi ba ta jira.

Ummi Garin Malam:
To anko fa Hajiya? Shi ba a ce mishi sai Alhamis, in ba ki yi ba a ce ba ki da zumunci.

Hajiya ta Birni:
Na 'yan uwa na jini ki yi 'yata. Na ƙawar ƙawa ki sa shaddarki mai kyau ki je, ki kai gudummawar da kike iyawa, ita amarya ta fi buƙata.