Waliyyi Yusufu: na maɗaci ko na kanti?

Sakataren kwamitin gini: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Gurbin da aka bari a hannun dama na bagade har yanzu fanko ne, Fada kuma yana so mutum-mutumin Waliyyi Yusufu, majiɓincin cocinmu, ya hau wurin kafin idinsa na 19 ga Maris. Ko dai mu aika Onisha a sayo na fiba wanda aka riga aka zuba aka yi wa fenti, ko mu ba masassaƙi ya fitar mana da shi daga icce. Ranar Lahadi Baba Katikis ya ce: "Na kanti hoto ne, na icce gunki ne." Aka tashi ba a gama ba. To ga fili.

Baba Katikis: Na faɗa, kuma ban janye ba. Ni ɗan ƙasar Mumuye ne, wajen Zing. Da idona na ga sassaƙen icce mai dogayen hannuwa a bukkar kakana, ana zuba masa giya, ana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mutum. Ranar da mahaifina ya karɓi baftisma abin da ya bari ke nan. Yanzu a ce in durƙusa, in ɗaga kai in ga icce mai sawun gizago a jikinsa? 'Ya'yana, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake yi.

Malamar firamare: Baba, ku yi haƙuri, ina da tambaya. Na fibar nan wa ya yi shi? Hannun mutum ne ya zuba shi a mazubi. In Fitowa 20:4 ce hujja, dokar ba ta ware icce ta bar siminti da fiba ba, "kowace irin siffa" ta hana a yi wa sujada. Ko duka biyun gumaka ne, ko babu gunki a cikinsu. Ina jin tsoron abin da ya sa na kantin yake mana kama da mai tsarki shi ne farar fuska da gashi mai santsi, ba wani abu ba.

Maman tagwaye: Ni dai ku taimake ni da amsar da zan ba surukata. 'Yar ECWA ce, duk zuwanta sai ta kalli Maryamu da ke kan teburina ta ce mu Katolika masu bautar gumaka ne. A wurinta babu ruwanta da icce ko fiba.

Tsohon ɗan seminari: Mama, ki ce ta wuce babi biyar gaba. A Fitowa 25:18 Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya 21 ya sa shi ya yi macijin tagulla ya kafa a kan sanda. Rigimar nan tsohuwa ce, an zub da jini a kanta. A ƙarni na 8 sarakunan Rumawan Gabas sun sa an farfasa hotunan tsarkaka a coci-coci, Yohanna na Dimashƙu ya yi rubutu yana kare su, abin mamaki daga ƙasar da ke hannun Musulmi, inda hannun sarkin bai kai ba. Majalisar Nikiya ta biyu, babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, a 787 ta yanke cewa girmamawar da aka yi wa siffa tana wucewa ne zuwa ga mai siffar, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Majalisar Trent ta maimaita a 1563, ta ƙara da cewa babu wani iko a cikin siffar kanta, kada a roƙe ta komai.

Baba Katikis: Ɗana, ka karanta macijin ka tsaya a rabi. Buɗe 2 Sarakuna 18:4. Wannan macijin da Musa ya yi, sarki Hezekiya ne ya farfashe shi, don mutane sun koma ƙona masa turare. Abin da Allah ya ce a yi ma ya zama tarko. Ku kuna maganar abin da majalisa ta rubuta, ni ina maganar tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Nikiya ba. Shekara talatin da wani abu ina koyar da katikisma a ƙauyuka, na san abin da ke zuwa zuciyar mutum in ya ga sassaƙe.

Tsohon ɗan seminari: Wannan kun kama ni, Baba, ban da ta cewa a kan Hezekiya. Sai dai macijin tagulla ne, ba icce ba.

Shugabar Zumuntar Mata: To ai nan zan shigo. Mutum-mutumin da ke kogon Maryamu a harabar cocinmu na siminti ne, fari fat. Sau nawa muka tarar an shafa masa hankici an kai wa mara lafiya, ko an cusa takarda a ƙarƙashin ƙafarsa? Abin da Baba yake tsoro yana faruwa yanzu haka, kuma ba masassaƙi ya jawo ba.

Malamar firamare: Kuma ba mu ne farkon masu wannan gardama a Najeriya ba. A 1947 fada-fadan ƙungiyar mishan ta SMA suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, Fada Kevin Carroll yana cikin masu kula da shi. Suka kira masassaƙan Yarbawa, irin su George Bandele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun, suka ce su sassaƙa Maryamu da masu hikimar nan na gabas yadda hannunsu ya saba. Mutane da yawa, har da Kiristocin Yarbawa, suka ce abin ya yi kama da kayan tsafi, sun fi son na Turai. Aka rufe wurin a 1954. Amma almajirin Bandele, Lamidi Fakeye, Musulmi ne har ya rasu a 2009, ya ci gaba da sassaƙa ƙofofi da siffofi na coci, ya koyar a jami'ar Ife, duniya ta san shi. Yau aikinsu ake alfahari da shi.

Baba Katikis: 'Yata, labarinki ya goyi bayana ne. Kin ce da bakinki mutanen wurin suka ƙi.

Malamar firamare: Sun ƙi a lokacin, Baba. Shekara tara bayan rufewar, a 1963, Majalisar Batikan ta biyu ta rubuta cewa Ikilisiya ba ta riƙi wani salon zane a matsayin nata ba, fasahar kowace al'umma tana da wuri a coci. Irin sassaƙen kakanku kuwa dillalai sun kwashe su tun wajen ƙarshen shekarun 1960, suna gidajen tarihi a Faransa da Amurka cikin gilashi. Su suna karɓar namu da daraja, mu muna biyan kuɗin mota a kawo mana nasu na roba.

Kafinta: Ku bar ni in yi maganar aiki, don a nan na fi ku. Na fiba ba shi da nauyi, yaro biyu sun ɗauke shi, amma ku je ku dubi na cocin da ke makwabtaka da mu: fentin fuskar ya kwaile, yatsu biyu sun karye, kuma ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Araha ba ta ado. Maɗaci in ya bushe sosai zai ga jikokinmu. Matsalar ita ce bushewar. Gungumen da zai ba da mutum mai tsawon ƙafa huɗu ba ya bushewa a wata uku, in aka sassaƙa shi ɗanye hunturu ɗaya zai tsaga shi daga kai har ciki. Dole a rarake bayansa, a shafe shi da mai, a ɗora shi kan dutse saboda gara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In icce ne, ku manta da Maris ɗin bana, sai dai in akwai mai busasshen gungume a ajiye.

Maman tagwaye: Wai ni, shi Yusufun ba masassaƙi ba ne? A Matiyu 13:55 "ɗan masassaƙin nan" aka ce da Yesu. Mutumin da ya ci abinci da icce, mu kawo shi da roba?

Ma'ajin coci: Ko kuwa mu bar gurbin fanko mu gama rufin ajin yara. Ba dole ba ne sai mun yi gasa da mutanen Abajah a Imo, da suka kafa Yesu na farin dutse mai tsawon ƙafa 28 a 2016. Ita majalisar 1963 da Malama ta ambata ta kuma ce kada siffofin su yi yawa. Muna da gicciye, muna da Maryamu.

Shugabar Zumuntar Mata: Ma'aji, kuɗin nan mata suka tara da sunan Yusufu, ba da sunan kwano ba. Kada a taɓa.

Baba Katikis: Na ji duka. Maganar kogo gaskiya ce, kuma laifina ne ni mai koyarwa, zan ɗauke ta ranar Lahadi bayan karatu. Amma ban sauka ba. In har icce za a yi, ina da sharaɗi: a ga Yusufu sosai, da yaron a hannunsa da sandarsa mai fure, da riga har ƙasa, yadda ko baƙo ya shigo ba zai tambaya ba. Ban yarda da dogon wuya da hannuwa masu lanƙwasa ba. Fuskar kuma, baƙa ko fara, wannan ku ta shafa.

Malamar firamare: Baba, ai kun sauka rabi ke nan.

Baba Katikis: Ban sauka ba. Sai na ga zanen a takarda tukuna.

Kafinta: Akwai wani tsoho mai sassaƙa turmi da kujeru a bayan kasuwar katako, na san yana da gungumen maɗaci da ya daɗe a rumfarsa. Mutum dai ban taɓa ganin ya sassaƙa ba, kuma ba Kirista ba ne, sai an tambaye shi ko zai yarda. Gungumen za mu iya saye ko da wani ne zai yi aikin.

Sakataren kwamitin gini: To Asabar da ƙarfe goma, ni da Kafinta za mu je mu duba. Baba, in zo in ɗauke ku a babur?

Baba Katikis: Zo. Amma ka gaya wa Fada kada ya soke maganar Onisha tukuna.