Ƙadangaren kankana da nake saƙa wa autana ya ƙi ɗaga kai

Maman Abba, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa. Ina neman taimako a kan wani aiki da ya tsaya mini a rai, yau kwana tara ke nan.

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe kwarashi. Hular jarirai, safa, rigar sanyi, marufin kwano, duk hunturu ba na rasa masu kawo aiki. Amma ban taɓa saƙa abin wasa mai ciko ba sai yanzu. Autana Abba, shekararsa biyu da wata biyar, ya ga dainoso, irin dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare tun zamanin da, a wayar yayansa, tun daga ranar ko ƙadangare ya hanga a katanga sai ya nuna ya ce "dano". Bayan wannan babu abin da yake so irin kankana. Idan babansa ya dawo da ita daga Jega, yakan rungume ta a tabarma tun ba a kawo wuƙa ba. Shi ne na ce bari in haɗa masa su wuri guda: jiki kore mai zanen ɓawon kankana, ciki ja da baƙaƙen 'ya'ya, a gadon baya kuma a jera yankakkiyar kankana a madadin ƙayoyin da ake gani a bayan dainoso.

Da siririn ulun kasuwa na yi, zare ɗaya, kwarashi mai lamba 4, wanda nake yin hula da shi. Kai ya kai saƙa 36 a zagaye, na rage zuwa 12 a wuya, jiki kuma 42. Na cika shi da audugar rimi daga wani tsohon matashin Innarmu.

Da na zaunar da shi sai kan ya langaɓe ya kwanta a ƙirji. Auduga tana leƙowa ta ramuka, musamman inda na yi ragi, in na shafa har tana biyo hannuna. Zanen koren da na so ya sauko a tsaye ya karkace gefe. Yankakkiyar kankanar ta baya kuma ta zube kamar ganyen da rana ta buga. Na ɗinka 'yan baƙaƙen duwatsun ado a matsayin 'ya'yan, ido kuma maɓalli biyu. Ban bari Abba ya gani ba tukuna, yana cikin kwallata. Don Allah a ina na kauce?

Hajiya Kulu, Argungu:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin a yi zancen wuya, ki cire duwatsun nan da maɓallan yau ɗin nan. Yaro ɗan shekara biyu duk abin da yas samu baki shika kai shi, ko hanci. Jikata ta taɓa tura ƙwarar tsakiya cikin hanci, a asibiti munka kwana kafin a fitar da ita. Ko masu yin kayan wasa na kamfani suna rubuta cewa abu mai ƙananan ƙwarori ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne. Ki sa baƙin zare a allura, ki ɗinka 'ya'yan kankanar da shi. Ɗinki uku wuri guda, na tsakiya ya ɗan fi tsawo, sai ki ga ɗan kankana sak. Ido ma haka. Ki ɗaure bakin zaren ki ɓoye shi can cikin ciko.

Ita kau audugar rimi, wurinta matashi da katifa, inda yadi ya rufe ta ruf. Santsi gare ta da laushi, ko ƙaramin rami ta samu sai ta sulale. In ta sha wanki ta dunƙule, kuma wuta na kama ta nan da nan, ga yara ba su rabuwa da bakin murhu lokacin sanyi. Ki je wurin masu ɗinka matashin kujera ki sayi farar audugar roba wadda suka cikawa da ita. Tana wankuwa, tana bushewa da wuri. Ki yayyage ta ƙanana kafin ki tura, kada ki cusa curi guda.

Allah shi raya Abba.

Rabi mai saƙa, Gusau:

Yaya Maman Abba, sannu da ƙoƙari. Irin wannan saƙar ta 'yan dabbobi daga Japan ta yi suna, amigurumi suke ce mata, kuma tana da ɗabi'ar da ta saɓa wa duk abin da hannunki ya saba. A hula da rigar jariri muna so saƙa ta yi laushi ta saki jiki. A nan kuwa so ake ta tsuke kamar tabarmar kaba, domin ita ce fatar da za ta riƙe ciko. Kwarashi mai lamba 4 ya yi wa siririn ulun nan girma ƙwarai. In zare ɗaya za ki riƙe, sauko zuwa 2 ko 2.5. Ni nakan haɗa zare biyu in yi da lamba 3, ya fi sauri, ya fi kuma ƙarfi. Ki saƙa zagaye biyar ki ɗaga shi wajen taga. In haske yana ratsowa, auduga ma za ta ratso. Yatsu za su yi miki ciwo kwana biyun farko, ki riƙa hutawa.

Maganar ragi ita ce babba. Na san yadda kike yi, ko ki tsallake saƙa ɗaya, ko ki jawo zare daga biyu ki haɗe. Duka biyun suna barin rami. Ki duba saman kowace saƙa, za ki ga zare biyu kwance, na gaba da na baya. Ki sa kwarashi a ƙarƙashin na gaba kaɗai, kada ki ɗauko zare tukuna, ki wuce ki sa a na gaba na saƙar da ke biye. Yanzu ki ɗauko zare ki ratsa su biyun, ki sake ɗaukowa ki rufe. Zaren bayan da kika bari su ne za su toshe wurin daga ciki. Ranar da na fara yin haka sai da na nemi inda na yi ragin na rasa.

Ki kuma tabbata ba a juye kike saƙar ba. Fuskar waje tana nuna 'yan saƙa a jere kamar kitso, ta ciki kuma tana da 'yan layuka a kwance. Jelar zaren da kika fara da shi a ciki ya kamata ta kasance.

Zanen da ya karkace ba laifin hannunki ba ne. Saƙar zagaye da ba a juyawa, kowace saƙa takan zauna ɗan gefen wadda ke ƙasanta, shi ya sa layin tsaye yake tafiya a karkace. Kada ki wahalar da kanki da canza launi a tsakiyar zagaye. Ki saƙa jikin duka da kore mai haske, ki cika shi, sannan ki ɗauko kore mai duhu a allura ki yi masa ɗinkin sarƙa daga wuya zuwa jela. Kada ma ki miƙar da shi sosai, ki duba kankanar gaske, zanenta a tanƙware yake, wani wuri da faɗi wani wuri siriri. Jan cikin kuma ki saƙa shi daban kamar faifai mai ɗan tsawo, ki zagaye bakinsa da fari layi ɗaya, ki ɗinka 'ya'yan a kai tun kafin ki manna shi a jiki.

Yanka-yankan baya, na tabbata falle ɗaya kika yi su. Ki yi su kamar ƙaramar hula mai tsini. Ki fara da zoben zarge, wato zoben da ake jan jelar zarensa ya tsuke, ki yi gajeriyar saƙa 4 a cikinsa da jan zare, sai ki riƙa ƙara biyu a kowane zagaye: 6, 8, 10. Zagayen da ya kai saƙa 12 ki yi da fari, ki ƙara zagaye ɗaya da kore mai duhu. Kada ki sa ciko, ki lallatsa shi ya zama falle biyu. Tsinin ja yana sama, koren ɓawo yana ƙasa inda zai haɗu da gadon baya. Wurin canza launi, a jan ƙarshe na saƙar da ta gabata ake shigo da sabon zare, ba a farkon sabuwa ba.

Malam Bala, Talata Mafara:

Ni ba na saƙa, uwargida ce ta miƙo mini waya saboda ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Hajiya, dabbar da kike kwatantawa mai faranta a gadon baya sunanta Stegosaurus. A yammacin Amurka aka haƙo ƙasusuwanta, aka raɗa mata suna a 1877, ta kuma rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Abin da zai amfane ki shi ne, kanta ɗan ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta da jikinta, kuma a ƙasa-ƙasa take ɗauke da shi, a kan ƙafa huɗu take tafiya. Ke kuwa kin ɗora kai mai 36 a kan wuya mai 12. Da za ki ƙanƙanta kan, ki tsayar da ita a kan ƙafa huɗu, babu nauyin da wuya zai ɗauka. Farantan layi biyu ne, ba sa fuskantar juna, ɗaya na gaba da ɗaya kaɗan, jela kuma tana da ƙayoyi huɗu.

Idan Abba ya yi wayo ki gaya masa ba a ƙasar Turawa kaɗai aka yi waɗannan halittu ba. Maƙwabtanku na Nijar suna da Gadoufaoua a hamadar Tenere, cikin jihar Agadas, wurin da ya yi suna a duniya saboda ƙasusuwan dainoso. Daga can aka samo Ouranosaurus, mai doguwar tozo a baya, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976. Daga can kuma Nigersaurus ya fito, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, ciyayi yake ci a ƙasa kamar saniya. A gidan tarihi na Yamai ana iya ganin ƙwarangwal ɗin dainoso a tsaye. Ɗalibaina sukan yi shiru su saurara idan na kawo wannan, domin wurin ba shi da nisa da mu.

Rabi mai saƙa, Gusau:

Malam ya warware zancen wuya. Yaya, ki fara daga hanci ki tafi har jela a saƙa guda ba yankewa: kai ya tsaya a 24, wuya 18, jiki 42. Ki danna ciko sosai a wuyan tun kina wurin, in kin wuce ba zai shiga ba. Wasu suna sa waya a ciki, ke kada ki sa, yaro ne.

Ummu Khadija, Ƙauran Namoda:

Anti, ba don in sanyaya miki gwiwa ba, ni ma ina so in yi wa 'yata. Abin da ya riƙe ni shi ne maganar siffanta abu mai rai. Kin tambaya?

Maman Abba, Birnin Kebbi:

Ƙanwata, na tambayi malaminmu na Islamiyya tun kafin in sayi zare. Ya kawo mini hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da take wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Ya ce malamai da yawa sun yi rangwame a kan kayan wasan yara. Ke ma ki tambayi naki don zuciyarki ta natsu.

Sauran 'yan'uwa, na dawo da labari bayan kwana shida. Na warware na farkon gaba ɗaya, na mayar wa Inna audugarta. Hajiya, tun daren da na karanta saƙonki na tsinke duwatsun, guda goma sha huɗu, na ƙirga su kafin in zuba a kwalba don kada ɗaya ya faɗi ƙasa. Na bi zare biyu da lamba 3 kamar yadda Rabi ta ce. Ragin nan ya ba ni wuya da farko, kwarashi yana ta tsaga zaren, sai a zagaye na uku hannuna ya gane shi. Na ɗaga aikin a hasken tsakar gida, ko ɗigon haske bai ratso ba.

Tsawonsa daga hanci zuwa jela ya ɗan wuce taƙi ɗaya. Yanka bakwai na jera masa a baya, layi biyu yadda Malam ya kwatanta, na tsakiya sun fi girma. Suna tsaye cak. Ƙayoyin jela na yi su gajeru masu laushi da farin zare. Wurin zanen ɓawo na ajiye kankanar gaske a gabana ina dubawa, a nan na lura layukan duka daga wurin hancinta suke tasowa su bazu, sai na sa nawa su taso daga wuya.

Jiya bayan la'asar na miƙa wa Abba. Ya juya shi ya ga jan cikin, ya kai baki ya ciza, ya ɗago ya dube ni. Sannan ya kwashe shi da gudu zuwa gindin katanga inda ƙadangaru suke shan rana, ya tsuguna yana nuna musu. Da shi ya kwana. Yanzu ga ƙurar tsakar gida a jikinsa, ga kunun safe a kan yanka biyu. Hajiya, yaya zan wanke shi ba tare da jan ya shiga farin ba?

Hajiya Kulu, Argungu:

Madalla ɗiyata. Ki fara jiƙa guntun jan zaren da yar rage da ɗan farin ƙyalle cikin kofi, ki bar su awa guda. In ƙyallen bai canza ba, ki wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki matsa a hankali, kada ki murɗe. Ki naɗe shi cikin tawul ki danna ruwan ya fita, ki kwantar da shi a inuwa bisa faifai, kada ki rataye shi ta wuya. Ki yi wankin da safe bayan Abba ya karya, da iskar wanga lokaci kafin isha'i ya bushe.