Tsiron da ke fitowa a dasashi: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan matsala, shawarar da kowa ya fara da ita ita ce a kwantar da hankali, domin yawancin tsiron da ke fitowa a dasashi ba sankara ba ne. Naman wurin ne ke tasowa saboda wani abu da ya daɗe yana gogarsa: dattin da ya daskare a gindin haƙori, karyayyen haƙori mai kaifi, ko haƙoran roba da ba su zauna daidai ba.

An fi daɗewa ana magana a kan jan tsiro mai laushi, wanda ko asuwaki ya taɓa shi sai jini. Yana yawan samun masu juna biyu saboda sauyin sinadaran jiki, kuma sau da yawa yakan motse bayan haihuwa, shi ya sa likita kan jinkirta yanke shi idan ba ya hana cin abinci. Shi kuwa tsiro mai tauri, mai launin dasashi, a hankali yake girma. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya ma suna kumbura dasashi, amma kada a daina sha sai da izinin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kai wa wanzami ya yanke. Ido kaɗai ba ya tantance ko wane irin tsiro ne. Likitan haƙori zai ɗauki hoton ƙashin wurin, ya cire tsiron har gindinsa, ya kankare dattin, sannan a kai naman ɗakin gwaji. Idan aka bar musabbabin, yakan dawo. Tsiro ko gyambon da ya wuce mako 2, ko haƙori ya fara girgiɗi kusa da shi, a garzaya asibiti.