Yini ɗaya a cikin birnin Kano: daga ina zan fara?

Badamagariya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan shigo Kano haɗa kayan lefen ƙanena, kuma yini ɗaya tak gare ni. Ina so in ga gidan tarihi na Gidan Makama, in ci gurasar da ake ta ba mu labari. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah a ba ni haske.

Bazazzage: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da Gidan Makama da safe, domin in kika riga kika shiga Kantin Kwari, to sai magariba. Ni haka ta faru da ni, na ce bari in ɗauki shadda biyu in fito, sai ga kiran la'asar ina tsaye ina taya atamfa. Gidan yana dab da fadar Sarki, gini ne na ƙasa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya fi tsayar da ni hotunan zuwan Turawa ne a 1903, da ƙyauren tsofaffin ƙofofin ganuwa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai kasuwar Kurmi ce ta rikita ni. Lungu cikin lungu, wani wurin mutum biyu ba sa iya jerawa. Na shiga neman jakar fata da tasoshi, na bi ƙamshin kanumfari da citta har na manta ta inda na shigo. Wani dattijo mai sayar da linzami da sirdi ya dube ni ya ce, "Baƙuwa ce ko?" Ya haɗa ni da yaronsa ya fitar da ni bakin titi, ko sisi ya ƙi karɓa. Shawarata, duk kuɗin da aka fara gaya miki, ki taya ƙasa sosai. In an ce albarka ki yi kamar za ki tafi, sau da yawa za a kira ki.

Bakano: Sannu da niyya Hajiya. Gurasa kam sai Jakara, kuma ba nisa da Kurmi. Ki ce a yi miki bandashe: a tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Da yamma kuma ki haɗa ta da tsire. Abu ɗaya, kada ki sa tafiyar ranar Juma'a, hanyoyin wajen masallacin Sarki cushewa suke yi. Kuma babu acaɓa tun 2013, adaidaita sahu za ki hau, ki yi ciniki kafin ki zauna.

Bazazzage: Na manta karofin Ƙofar Mata. Minti talatin ya isa ki ga yadda ake tsoma zane a baba, sannan a kai wa masu bugu.

Badamagariya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma da wannan lissafin naku ina ga sai na kwana. Wa ya san masauki mai tsafta kusa da Kwari?