Karatun tafsiri ya ƙi kamawa a rediyon Baba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tafsirin azumin bana a wayata, duk bidiyo ne MP4, kowanne wajen awa ɗaya. Mahaifina idonsa ya yi rauni, 'yar rediyo mai memori yake saurara. Na zuba masa, ta ƙi kamawa. Yaron shagon caji ya goge .mp4 ya rubuta .mp3, nan ma shiru. Don Allah ya zan yi?

Sani Mai Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Canza suna ba ya taɓa abin da ke ciki. MP4 kamar jaka ce mai ɗauke da kaya biyu, hoto mai motsi da murya, kuma muryar yawanci nau'in AAC ce. Yawancin waɗannan rediyoyin MP3 kawai suka sani. Sai an ciro muryar an juya ta zuwa MP3. Manhajar VLC tana yi kyauta a kwamfuta: a shiga Media, sai Convert/Save, a zaɓi Audio MP3. Amma a fara maido da sunan .mp4 ɗin tukuna.

Abu Fatima: Ni dai da na kunna bidiyon na ɗauka da wata wayar, shi ke nan.

Sani Mai Kwamfuta: Haba Malam, ai har kukan awaki da ƙarar janareta sai Baba ya sha. Ga shi wayoyi da yawa M4A suke ɗauka, saƙon murya na WhatsApp kuwa OPUS ne, duk ba MP3 ba ne, an koma gidan jiya ke nan.

Ummi Zinder: Anti, ki ce a saka ingancin sautin a 64 kbps, ya wadatar tunda magana ce ba kiɗa ba. Awa ɗaya ba za ta kai 30MB ba, na wata guda duka bai cika 1GB ba. A 128 kuwa ninki biyu ne. Kada ki yarda a juya miki muryar zuwa nau'in WAV, minti ɗaya kusan 10MB yake ci. Ki kuma duba memorin. Idan ya wuce 32GB yawanci tsarin ajiyarsa exFAT ne, ƙananan rediyoyi kuma tsarin FAT32 suke karantawa.

Maman Ilham: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na 8GB ne. To ya za a yi karatun ya biyo a jere?

Ummi Zinder: A sa musu lamba 01, 02, 03, a kuma tura su ɗaya bayan ɗaya, don wasu rediyoyin yadda aka zuba suke bi, ba sa kallon suna.